Jinin yaranmu da takardun man zurma: yadda binciken kalazar ya watse a wani ƙauye bakin Rahad, da yadda aka ɗinke shi

Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, ba zan faɗi sunan jami'ar da masu binciken suka fito ba, in kun karanta zuwa ƙasa za ku ga dalili. Ni malamin firamare ne a wajen, kuma ni na yi musu tafinta tun ranar farko, to da hannuna a cikin wasu kura-kuran da zan lissafa.

Ƙauyen da ciwon, kafin 2018

Ƙauyen yana kudancin jihar Gadarif, bakin kogin Rahad wanda ke gangarowa daga Habasha, da damina ya cika ya batse, da rani kuma ya yanke ya koma tafki-tafki. Yawancinmu Hausawa ne, jikokin mutanen da suka taso hajji a ƙasa suka yada zango har zangon ya zama gida, sai unguwa ɗaya ta ƙabilar Masalit a gefen yamma. Dawa da riɗi ake nomawa, da lambu a bakin ruwa, wasu kuma su suke yi. Ƙasar baƙar laka ce, in ruwa ya sauka mota ba ta shiga sai tarakta, in rani ya yi kuma ta tsattsage har ƙafar akuya na faɗawa. Ta ko'ina aduwa ce, wadda Larabawan nan ke kira hijlij, da talha.

Wannan ƙasa mai tsagewa da waɗannan itatuwa biyu su ne gidan ƙyashin da ke kawo kalazar, ciwon zazzaɓi mai kumbura saifa. Ɗan mitsitsi ne, bai wuce milimita 3 ba, ba ya kuka irin na sauro, tsalle-tsalle yake yi kusa da ƙasa, kuma lokacinsa daga Maris ne zuwa Yuni kafin ruwa ya zauna. Ya ciji mutum da bazara, ciwon ba zai fito ba sai bayan wata 2 zuwa 6, shi ya sa marasa lafiya ke yawa daga Oktoba zuwa Janairu. Zazzaɓi ya wuce sati 2, yaro ya rame, saifa ta kumbura, jini ya ƙare, in ba a yi magani ba kusan duk wanda ya kwanta ba ya tashi. Wani dattijo da ya ji sunan ƙwaron cewa ya yi ai duk ƙyashin biyu haka suke, a hankali suke cin mutum ba a ji.

Magani akwai. Da can allura ce ta kwana 30, daga 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin allura biyu na kwana 17 ga gabashin Afirka. Matsalar ita ce kwana 17 ɗin a asibiti mai nisa, a daidai lokacin yankan riɗi, shi kuwa riɗi in ya nuna ba ya jira, 'yan kwanaki ne ya fashe ya zube. To sai a fara da maganin maleriya, a je wajen wanzami ya yi sakiya a kan saifa, a sha rubutu, sai yaro ya galabaita sannan a nemi tarakta. Kakar 2017 ta yi muni sosai, a ajina kaɗai benci biyu suka zama wayam har bayan sabuwar shekara.

Maris zuwa Mayu 2018: zuwan farko

Sun zo da mota biyu. Akwai babban diktor, dattijo mai natsuwa, da wata matashiyar diktora, da wani da muka laƙaba wa mai ƙwari, da ɗalibai. Takardunsu cikakku ne, kwamitin da ke duba ɗa'ar bincike a Khartum ya sa hannu, ma'aikatar lafiya ta jiha ma ta sa. Suka gaida omda, wato hakimi, da shehun gari, aka sha jabana, gahawa kenan, aka shafa fatiha, su a wajensu gari ya yarda kenan.

Abu uku suka zo yi. Su sa wa kowane gida lamba su ɗora shi a taswira da na'urar GPS, su ɗiga jinin yatsa a wata takarda tare da yin wata 'yar allura a fatar hannu wadda ake dubawa bayan kwana 2 ko 3, sannan su raba gidan sauro mai ƙananan ido don a ga ko yana rage ciwon. Takardar yarda shafi 4 ce da Larabcin littafi, ni nake fassarawa a tsaye cikin rana mutane na layi, kuma gaskiya gutsurewa nake yi don layi ya tafi. Kalmar da suka rubuta na mayar da ita "bincike", ban lura ba sai daga baya cewa tsofaffi da yawa binciken da suka sani shi ne na 'yan sanda in sun shigo gida. Wanda bai iya sa hannu ba ya dangwala yatsa.

A cikin tambayoyin akwai ƙabila, da inda aka haifi kakanka. Su suna da dalilinsu, nazarin da aka yi a baya a ƙauyukan yankin ya nuna ciwon ba ya kama kowace al'umma daidai wa daida, har aka yi ta duba ko akwai hannun gado. Amma Bahaushen Sudan da ya sha wahalar neman lambar ɗan ƙasa, aka ce ya kawo shaidu ya kawo takardar kakansa, in baƙo mai motar gwamnati ya tambaye shi inda aka haifi kakansa yana rubutawa, ba maganar saifa ce ke zuwa masa a rai ba. Mutane suka amsa dai don kunyar omda, babu wanda ya ce uffan.

Yuni zuwa Disamba 2018: inda abin ya watse

Gidan sauron ne ya fara ba da matsala. Ba sabon abu ba ne a Gadarif, tun wajen 1999 zuwa 2001 ƙungiyar likitoci ta MSF ta raba dubu ɗaruruwa a jihar, amma mai ƙananan ido iska ba ta ratsa shi, ga zafin Afrilu da ke haura 40, kowa a tsakar gida yake kwana kan angareb, gadon igiya kenan. Masu ɗaurawa ma sai wajen ƙarfe 10 ko 11 na dare in hira ta ƙare. Wasu suka kewaye shukar lambu da shi, wasu suka rufe 'yan tsaki.

Sai maganar jini. An tafi da takardun Khartum, wata ɗaya, biyu, biyar, shiru. Waɗanda hannunsu ya ɗan kumbura bayan allurar fata an auna an rubuta an wuce, ba a gaya musu ma'anar kumburin ba, sai suka ɗauka an sa musu ciwon ne ko kuma an gano suna da shi an ɓoye. A Oktoba wani yaro ɗan shekara 6 ya rasu, yana cikin waɗanda aka ɗiga jininsu a Afrilu, mahaifiyarsa ta tare ni a hanyar rijiya ta ce Malam, kai da ka karanta mana takardar, sun gani a jininsa suka yi shiru ko? Ban da amsa, don ni ma ban sani ba a lokacin.

A halwa kuma, makarantar allo kenan, Malam ne ya dangwala wa almajiransa gaba ɗaya, ɗalibai suka karɓa don sun ɗauka shi ne waliyyinsu. Mahaifin ɗaya daga cikinsu ya zo daga wani gari ya ji labari, ya ɗauke ɗansa ranar, kuma shi ne ya fara tuno wa mutane abin da ya faru a Kano a 1996, lokacin sanƙarau, da aka sa yara 200 cikin gwajin maganin Trovan. Labarin nan duk wanda ke jin sashen Hausa na rediyo ya san shi, ba sai an yi dogon bayani ba.

Ƙarshen tika-tiki, mai ƙwari ya taɓa faɗa cikin hira cewa da za a rage aduwa da talha kusa da gidaje da ƙyashin ya ragu. Magana ta zaga gari ta dawo a matsayin gwamnati za ta sare itatuwa ta karɓe filayen bakin kogi. Aduwa fa ita ce inuwa, 'ya'yanta ake jiƙawa a sha ake kaiwa kasuwa, da itacenta ake sassaƙa allon da yara ke karatu, talha kuma mata ke turare da ita. Da suka dawo a Nuwamba don zagaye na biyu, lambobin da aka rubuta a ƙofofi an shafe su da taɓo, mata ba su fito ba, maza kuma kowa ya ce yana gona.

2019: gyaran farko, wanda bai yi ba

Fassarar da suka yi wa lamarin ita ce mutane ba su fahimta ba, a wayar musu da kai. Aka kawo lasifika a kan mota, aka liƙa hotuna a bangon makaranta, aka roƙi liman ya saka maganar a huɗuba, sannan duk wanda ya zo aka ɗiga jininsa a ba shi sukari da sabulu. Ku tuna lokacin, tun Disamba 2018 ƙasa ke zanga-zangar tsadar burodi, banki babu kuɗi, man fetur sai layi. Mutane suka zo kam, amma don sukari, wata ta kawo yaro ɗaya sau biyu da suna daban, wani ya ba da lambar gidan maƙwabci. Waɗanda suka ƙi zuwa kuma suka ce kun gani ko, yanzu sayen jinin ake yi.

Aka kuma kafa lijna, wato kwamiti, mutum 5 da omda ya zaɓa, duk maza, uku danginsa, ana ba su ɗan alawus na zama. Aikinsu su kai saƙon masu bincike cikin gari, ba a tsara yadda saƙon gari zai koma ba. Ana cikin haka gwamnatin Bashir ta faɗi a Afrilu, tafiye-tafiye suka rikice har Yuni, lokacin ƙyashi ya wuce. Da ɗalibai suka zauna tantance bayanan shekarar sai suka ga sunaye da lambobi ba sa haɗuwa, aka ajiye su gefe.

Nuwamba 2019 zuwa Fabrairu 2020: zaman rakuba

Matashiyar diktorar ce ta dawo ita kaɗai da direba, ba allura ba takarda, ta sauka a gidan ungozoma ta yi kwana 9. Kwana ukun farko ba ta yi komai ba sai zuwa gaisuwar mutuwa da suna, har gidan mahaifiyar yaron nan ta je ta zauna. Daga nan aka yi zama uku ƙarƙashin rakuba, rumfar kara kenan, na maza daban, na mata daban a cikin gida da ungozoma a matsayin tafinta, sai na samari da manyan almajirai. Tambayarta biyu ce kawai, me muka yi muku da bai dace ba, kuma in da ku ne masu kuɗin binciken me za ku so a gano.

Zaman mata ne ya fi ba da abu. Wata tsohuwa ta ce mata ɗiyata, ku kuna ta maganar kwanciya, mu kuwa abin nan yana cizonmu tun ana kiran magariba, muna tuya kisra a jikin danga yara na wasa a ƙasa, kafin a ɗaura gidan sauro ya ci ya ƙoshi. Suka nuna mata dangar da ta fi, wadda ke kallon daji. Maza suka kawo maganar kwana a lambu da kuma kwana 17 na asibiti lokacin riɗi. Abin da kusan kowa ya fi so a gano shi ne hanyar da za a san yaro na da ciwon tun da wuri, a nan gari, kafin a ci bashin tarakta.

A Janairu babban diktor ya zo da kansa. Ya tsaya gaban mutane ya ba da haƙuri kan sakamakon da ba a dawo da shi ba, ya kawo na kowa a ambulan, ya kuma yi bayanin da ya kamata a yi tun 2018: kumburin hannu na nufin jiki ya taɓa haɗuwa da ƙwayar cutar a baya, galibi ma alama ce ta kariya, jinin da aka ɗiga a Afrilu kuma ba zai iya faɗin wanda zai kwanta a Oktoba ba. Diktora ta gaya mana ƙa'idojin bincike na duniya da aka sabunta a 2016 sun ce a sa al'umma cikin tsara bincike tun daga farko, ta ba mu labarin mutanen San na Afirka ta Kudu da suka rubuta nasu sharuɗɗan a 2017, duk mai son nazari a kansu sai ya bi. Wani mai su ya ce to mu me ya hana mu.

Aka rushe tsohuwar lijna cikin mutunci, omda ya zama uban taro, kowace unguwa ta zaɓi namiji da mace, aka ƙara ungozoma da Malamin halwa da wakilin masunta, alawus kuma aka soke sai shayi. Sharuɗɗan an rubuta su da ajami da Larabci, kwafi biyu. Duk jinin da aka ɗauka sakamakonsa ya dawo cikin wata 1, a hannun mai shi, ba a bainar jama'a ba. Ba a taɓa almajiri sai an samu iyayensa ko ta waya ne, da shaidu biyu. Matar aure a nemi izinin mijinta don al'ada, amma in ita ta ce a'a to a'a ce. Ba a sare itace ko ɗaya. Ba a ɗibar jini da rana cikin azumi. Babu sukari, babu sabulu. Jinin ba zai fita Sudan ba kuma ba za a yi wani nazari da shi ba sai an dawo an tambaya. Na ƙarshe, littafin da ke haɗa suna da lambar gida mallakar gari ne, gari na iya karɓe shi duk ranar da ya ga dama.

Su ma sun ƙi wasu abubuwa. An nemi su gina asibiti, suka ce kuɗin bincike ba ya yin haka kuma ba za su yi alƙawarin ƙarya ba. An nemi a bar allurar kalazar a gari, suka ƙi, don maganin na iya taɓa zuciya da ƙoda, sai ƙarƙashin kulawa. Tambayar ƙabila da ta kaka kuwa sun cire ta bayan gardama mai tsawo, abin da ya sa ɓangaren nazarin gado ya mutu, wani ɗalibi ya rasa abin da zai rubuta digirinsa a kai. Canjin sai da ya koma wajen kwamitin Khartum, ya ci wata 3.

Maris zuwa Yuni 2020: korona da takardun man zurma

An shirya su dawo a Maris, sai korona ta shigo Sudan a watan, a Afrilu aka rufe Khartum. Da an sake asarar shekara, sai mai ƙwari ya kira ni a waya ya ce ko samari za su iya ɗana tarkon. Tarkon ba wani abu ba ne, farar takarda ce a shafe ta da man zurma gaba da baya, a soke a tsinke kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, a kafa kafin magariba a cire da asuba, duk abin da ya maƙale a ɗauke shi da ɗan buroshi a sa a kwalba mai sibirto, barasar asibiti kenan, a rubuta wuri da rana. Sibirton ma sai da aka kai wa Malam, don wasu samari sun ce giya ce ba za su taɓa ba, ya ce na asibiti ne, a wanke hannu kawai.

Takarda 30 muke kafawa, dare biyu a sati. Tsarin da aka turo mana ya ce cikin ɗaki, ƙofar ɗaki, da gindin itace, matan lijna suka ce a ƙara jikin danga ciki da waje, da wajen murhu, da turken jaki, samari kuma suka ƙara inda maza ke shimfiɗa tabarma a titi don shan ruwa, tunda azumi ya kama a ƙarshen Afrilu kuma a Sudan a waje ake buɗa baki. Kura-kurai an yi su ba iyaka, awaki sun cinye takardu, iska ta kwashe wasu, sati biyun farko an cakuɗa kwalabe sai zubarwa aka yi. Ni nake riƙe da babban littafi, ina kwafe komai kafin a aika.

Da hanya ta buɗe aka duba a madubin asibiti, yawancin abin da muka kama wasu irin ƙyashi ne da ba sa ɗauke da ciwon, ido ba ya bambance su. Amma mai ɗauke da shi ɗin, a ɗaki kaɗan ne ƙwarai, yawansa yana jikin dangar da ke kallon daji da kan tsagaggiyar ƙasa da ke bayanta. Mai ƙwari ya ce masana sun daɗe da sanin wannan nau'in a waje yake cizo, abin da ba su da shi shi ne wace danga, a wace unguwa, da wane sati. Tsohuwar nan da aka gaya mata cewa ta yi ai na faɗa.

2021: feshi, ƙuri'a da tarakta

Tambayar binciken ta canza kenan, daga gidan sauro zuwa ko fesa maganin ƙwari a danga da bayan ɗakuna zai rage ƙyashin. Nan aka yi rigima mafi zafi. Masu bincike suka ce dole a fesa rabin gari a bar rabi don a kwatanta, lijna ta ce ba za a zaɓi 'ya'yan wasu a bar na wasu ba. Sati biyu ana ja, daga ƙarshe aka tsaya kan kowa zai samu, amma rabi a farkon Afrilu rabi bayan sati 4, kuma ƙuri'a ce za ta raba, bayan sallar Juma'a, yaro ƙarami ya zaro takarda daga hula kowa na kallo. Babban diktor bai ɓoye ba cewa wannan ya raunana kwatancen nasa, sati 4 kaɗai zai samu maimakon bazara guda.

Wakilin masunta ne ya tambaya ko maganin na kashe kifi, aka ce sosai ma, to aka hana wanke famfon feshi kusa da tafkunan Rahad, aka haƙa rami can nesa. Mata suka hana fesa rumbu da karan da za a ba dabbobi ko a yi girki da shi, masu amya suka nemi a gaya musu kwana 2 kafin a zo. Gida 9 suka ce ba sa so sam, ba a matsa musu ba, aka rubuta aka wuce. Tarko ya nuna ƙyashin ya ragu sosai a dangar da aka fesa, sai dai rana da ƙura na cinye maganin, bayan 'yan makonni ya fara dawowa, dole aka maimaita.

Sauran abubuwan gari ne ya yi da kansa. Azumin shekarar ya kama tsakiyar Afrilu, aka matsar da tabarmar shan ruwa daga jikin danga zuwa fili sharare. Aka ce a ɗaura wa yara gidan sauro tun magariba, wannan kam bai karɓu ba sosai, yaro ba ya zama cikin raga ana wasa a waje. Aka horar da ma'aikacin ɗakin shan magani ya riƙa gwajin yatsa na rK39 mai ba da amsa cikin minti 20, da sharaɗin ko gwajin bai nuna ba in zazzaɓi ya wuce sati 2 a tura yaro asibiti a duba ruwan kaluluwa, don gwajin yana kuskure a yankinmu fiye da yadda yake yi a Indiya. Kowane gida kuma ya ba da mudun riɗi aka yi asusun tarakta, samari suka ɗau nauyin yanka riɗin duk wanda ke jinya. A kakar nan yara sun riƙa isa asibiti da ƙafarsu, ba a kan angareb ba.

Yuli 2022: taswira

A watan ne rikici ya ɓarke a jihar Blue Nile, aka kashe Hausawa da dama, dubbai suka gudu, aka yi zanga-zanga a Gadarif da Kasala. 'Yan uwa suka iso mana da ƙullin kaya. A daren lijna ta zauna, washegari aka sa ni na kira Khartum na ce gari na son littafinsa, kuma a goge suna da wurin kowane gida daga kwamfutarsu. Taswira ce fa mai nuna gida-gida da yawan mutanen ciki.

Diktora ta yi shiru a waya, ta ce kun san in an yi haka ba za mu iya bin mutum ɗaya shekara da shekaru ba, na ce mun sani. Cikin kwana 10 direba ya kawo littafin da takardar shaida cewa an goge, suka rage da lambobi da unguwanni kawai. Littafin ya shiga akwatin liman.

Afrilu 2023 zuwa yau

An fara kafa tarkon bazara ta huɗu kenan yaƙi ya tashi a Khartum ranar 15 ga Afrilu. Ɗakin gwajinsu ba ya shiguwa, kwalabe da takardun jini duk suna can, mutanen kuma suka warwatsu, wani Masar wani Port Sudan. Bayan faɗuwar Wad Madani a Disamba 2023 Gadarif ta cika da 'yan gudun hijira, kayan gwajin yatsa suka ƙare mana, feshi ya tsaya. Asusun tarakta da yankan riɗin masu jinya suna nan, tabarmar shan ruwa ma ba ta koma jikin danga ba.

Yadda nake ganin abin

Ba zan ce binciken ya rage kalazar a garin ba, ciwon nan dama hawa da sauka yake yi tsakanin shekaru, bazara biyu na feshi ba su isa hujja ba, su kansu masu binciken haka suka ce. Abin da ya canza a idona shi ne yara na isa asibiti da wuri, wannan kuwa daga bakin iyaye ya fito, babu shi a tsarin farko.

A 2018 ba mugunta aka yi mana ba, komai bisa ƙa'ida aka yi, amma yardar omda aka ɗauka yardar gari, dangwalen yatsa aka ɗauka fahimta, ni kuma na taimaka da gutsure fassara don layi ya tafi. Na 2019 ya fi ba ni haushi, don an ga mutane sun ƙi sai aka ce jahilci ne, alhali sun fahimci abin da ya shafe su sarai, tambayar kaka da jinin da bai dawo ba. Zaman rakuba ya yi aiki ne saboda abin da aka faɗa a ciki ya canza takardar binciken kanta har aka yi asara, ɗalibi ya rasa digirinsa, babban diktor ya rasa kwatancensa, daga baya suka rasa sunayen. Da sun saurara kawai suka koma suka yi abin da suka yi niyya, da lijna ta biyu ta mutu kamar ta farko.

Mu ma da namu. Zaman lijna da Hausa ake yi, wakilan Masalit biyu sai su zauna shiru sai an tuna an juya musu da Larabci, kuma unguwarsu ce ta fi kusa da daji, ta fi kowa ƙyashi a littafina. Mun yi musu kusan abin da aka yi mana. Almajirai kuma da yawa an bar su waje saboda ba a samu iyayensu a waya ba, su ne kuwa ke kwana a fili. Cire nazarin gado ma har yanzu ina tababa, wataƙila da an sake zama an samo hanyar yin sa ba tare da tambayar da ke tsorata mutane ba, amma a lokacin babu wanda zai saurari haka, ni ma ban kawo ba.

A farkon 2024 diktora ta samo lambata ta WhatsApp, ta ce duk abin da ke Khartum ba su da shi, ko babban littafina na tarko yana nan. Yana nan, bazara uku cif da 'yan satuttukan ta huɗu. Na kai maganar gaban lijna, aka yi zama biyu, aka yarda da sharaɗin in rufe layin sunayen masu gida da tsinken takarda kafin in ɗau hoto. Intanet sai na hau tudun bayan makaranta nake samu, shafi 3 ko 4 ke tafiya a rana, na kai shafi na 61 aka yi ruwan farko hanyar tudun ta zama laka.